Bashin da ke kan mai sauraron zabiya

A zamanin da kaset ke mulki, kafin wayar hannu ta karɓe masa sarauta, kasuwannin ƙasar Magariya da Dungas ba su rasa rumfar mai sayar da waƙoƙi. Akasarin kayansa daga Kano suke fitowa, su ƙetaro iyaka ta Babura ko ta Maigatari. A cikin tarin muryoyin maza, irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, akwai muryar mace guda wadda kasetinta ba ya kwantai: Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, gwanar kiɗan amada, wadda ta rasu a 2013. Amada kiɗan mata ne na biki da suna. Ƙore ne ake kifewa, wasu a bisa ruwa, ana kaɗa su, ƴan amshi na karɓa. Amma da kaset ya fitar da shi daga cikin gida, sai ya samu masoya a tashar mota da shagon tela da teburin mai shayi. Har yau akan tarar da magidanta suna musu a kan wace waƙarta ta fi, wannan ya ce ta kishiya, wancan ya ce ta sana'a, kowa da hujjarsa.

To, a cikin waɗannan masu musu, mutum nawa ne za su yarda a kira ƴarsu zabiya ba tare da ransu ya ɓaci ba? Nan tambayar take: shin ya halatta, ta fuskar mutunci, mutum ya so waƙa ya kuma raina mai ita?

Ya kamata a fara ware wanda ba da shi ake ba. Akwai wanda saboda fahimtarsa ta addini ya ƙaurace wa kiɗa baki ɗaya, ba ya saye, ba ya saurare. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, zuciyarsa da kunnensa a wuri ɗaya suke. Maganar tana kan wanda ya haddace baitocin tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai in an sa, sa'an nan in an ambaci mai waƙar sai ya taɓe baki.

Irin wannan mutum yana da amsa, kuma tsohuwa ce. Zai ce: ai kowa na cin nama, amma ba kowa ke ba mahauci ƴarsa ba, haka Bahaushe ya tarar da duniyarsa, sana'o'i hawa-hawa, makaɗa da maroƙa suna can ƙasa. Ko da an bar batun adalcin wannan tsari ga mahaucin kansa, misalin bai zauna daidai ba. Nama yakan rabu da wanda ya yanka shi, in ya shiga tukunya ba a sanin hannun wa ya bi. Waƙa kuwa ba ta rabuwa da mai ita. Abin da kunne ke jin daɗinsa numfashin matar ne, da kaifin basirarta, da ƙarfin halin da ya sa ta faɗi a bainar jama'a abin da sauran mata ke faɗi cikin raɗa. Wanda ya ce waƙar ta yi, ya riga ya ba da shaida cewa matar tana da hikima. Idan ya juya ya ce ba ta da daraja, shaidarsa ce ta farko yake ƙaryatawa, kuma shaidu biyu masu karo da juna daga baki ɗaya alƙali ba ya karɓar su.

Akwai kuma raini na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa, domin yakan zo cikin rigar ƙauna: a ɗauki abin da aka ga dama a cikin waƙa a watsar da abin da mai ita ke nufi. Barmani ta yi waƙoƙin barkwanci na tsakanin mata, ta kuma yi ta kiran mata su kama sana'a su daina zaman jira. Namijin da ke ƙyaƙyata dariya a kan na farko, amma ya hana matarsa ko da ƙulla gyaɗa, rabin murya ya ji. Kaset, duk da tsufansa, yana da wata tarbiyya a nan: tsallake waƙa na cin batir, sai mutum ya haƙura ya ji fuska guda har ƙarshe, mai daɗi da mai ɗaci. A waya kuwa, yatsa ɗaya ya isa.

Wannan ciwo bai tsaya a ƙasar Hausa ba. A Amurka akwai ƙungiyar kiɗan rok mai tsananin amo da ake kira Heart, wadda ya da ƙanwa, Ann da Nancy Wilson, ke jagoranta. A faifansu na 1977, Little Queen, akwai waƙar Barracuda, sunan wani kifin teku mai farauta. Fushi ne ya haife ta: an yi musu tallar ƙazafi mai nuna akwai alfasha tsakaninsu don a ja hankalin masu saye, wani namiji kuma ya maimaita wa Ann zancen a fuska. Masoya da dama amon gita ya ɗauke su, ba su nemi sanin wa ake kira kifin ba. A 2008 jam'iyyar Rifablikan ta sa waƙar a babban taronta don kambama Sarah Palin, sai da masu waƙar suka fito fili suka ce ba da yawunsu ba. Gaskiya ne cewa waƙa in ta fita baki ta zama ta jama'a, kowa na iya samun nasa a ciki. Sai dai samun naka daban, juya wa mai magana maganarta daban.

Adalci ya sa a saurari uban yarinya ma. Tsoronsa ba na banza ba ne: rayuwar zabiya tafiyar dare ce, da jiran hannun masu kuɗi, da bakin mutane. Amma tsoro abu ne, raini abu ne, kuma uban da ke tsoro zai iya faɗin sunan Barmani, ko na Hamsu Garba ta Maraɗi da ta rasu a 2022, da girmamawa. Bugu da ƙari, wa ya sa hanyar ta yi ƙaya? Bakin mutanen da ake gudu, mafi yawansa bakin masu sauraro ne.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba su tsira daga wannan tambaya ba, domin su ne magadan dandalin samariya na zamanin Seyni Kunce, lokacin da ƴan mata ke rera waƙa da sunan gundumarsu, gari ya yi alfahari in sun ciyo. A yau ma, ranar bikin al'adu a kwaleji, yarinya mai murya ita ake sa wa a gaba, malamai su tashi su yi mata liƙi a gaban manyan baƙi. Bayan mako biyu, in makinta na lissafi ya faɗi, kalmar da ake yi mata faɗa da ita a gaban ƴan aji ita ce zabiya.