Shin Ranar Amurka Ta Yi Yamma? Ma'aunin Da Malamai Suka Bari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata muhawara da ta daɗe tana zagaya majalisun Kanya Babba da garuruwan da ke kewaye, tun daga Babura har Kazaure da Roni da Gwiwa. Ta ƙara zafi ne a shekarar 2024, sa'ad da gwamnatin soja ta Nijar ta soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, sojojin Amurka kimanin dubu ɗaya suka kwashe kayansu daga ƙasar, har da babban sansaninsu na Agadas, watanni kaɗan bayan fitar sojojin Faransa a Disamban 2023. Samari suna cewa ta Amurka ta ƙare kamar yadda ta Fir'auna ta ƙare. Dattawa kuwa suna cewa tun suna yara ake faɗin haka, ga ta nan har yau. Ya kamata a duba wannan magana da idon ilmi, domin yadda mutum ya fahimci faɗuwar dauloli yana nuna yadda ya fahimci sunnar Allah a cikin bayinsa.

Abu na farko da babu jayayya a kansa shi ne, kowace al'umma tana da ajali. Suratul A'arafi da Suratu Yunus sun tabbatar da wannan, Suratul Fajri kuma ta ambaci Adawa da Samudawa da Fir'auna, ta bayyana cewa girman kai da yawaita ɓarna a ƙasa su ne suka jawo musu azaba. Saboda haka wanda ya ce ƙarfin Amurka zai ƙare wata rana bai faɗi wani sabon abu ba, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Inda maganar take shi ne, yaushe, kuma da waɗanne alamomi? Lokaci dai ilminsa yana wurin Allah. Alamomi kuwa malamai sun yi nazarinsu, sun bar wa na baya ma'auni.

Babban malamin tarihi Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya bayyana a cikin Muƙaddimarsa cewa daula tana tsufa kamar yadda mutum yake tsufa. Ƙarni na farko su ne suke kafa ta da wahala da haɗin kai. Na biyu sun ga iyayensu suna wahalar, saboda haka suna riƙe da wani abu na halinsu. Na uku kuwa sun buɗe ido cikin daɗi, sun ɗauka mulki gādo ne da ba ya bukatar gumi. Daga nan sai almubazzaranci ya yi yawa, kuɗin baitulmali ya kasa, a tsananta haraji, manomi da ɗan kasuwa su karaya, manya su rarrabu. Ya kuma nuna cewa zalunci shi ne yake rushe gari. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo irin wannan ma'ana a cikin littattafansa, wato mulki yana iya ɗorewa a hannun wanda ba Musulmi ba matuƙar yana adalci, amma ba ya ɗorewa tare da zalunci. Ashe ma'aunin yana da duwatsu uku: zalunci, da almubazzaranci mai kai ga bashi, da rarrabuwar kai.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar tafiya Rum ko Farisa kafin su ga an gwada wannan ma'auni, domin ƙasar da suke nomawa ta ga dauloli sun zo sun wuce. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, ya tara hatsi mai yawa domin tanadin yaƙi da yunwa, ga ganuwa, ga dawaki. Amma sarautun Hausa na wancan zamani sun cika da abubuwan da Shehu ya lissafa a cikin Kitabul Farƙi, irin su harajin da shari'a ba ta sani ba, da ƙwace dukiyar talaka, da karɓar gaisuwa kafin a yi hukunci. Masu jihadi suka rinjayi Alwali, aka kashe shi a Burumburum wajen 1807. Daga cikin wannan juyi ne masarautar Kazaure ta fito ta hannun Ɗantunku.

Daular da ta gaje su ma ba a keɓe ta daga ma'aunin ba. Tun jihadi bai kammala ba, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, har ya bar rundunar da nufin tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami domin su san yadda ake hukunci. Bayan kusan shekara casa'in, 'ya'yan gida ɗaya suka zare wa juna takobi a yaƙin basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895. Shekara takwas bayan haka, a watan Fabrairun 1903, Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila, Sakkwato ta bi ta a watan Maris. Bindiga mai ruwa ta yi aikinta, wannan gaskiya ne, amma ta tarar da bango ya riga ya tsage.

Su kuma Turawan da suka zo, a lokacin suna mulkin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa, har ana yi wa daularsu kirari da cewa rana ba ta faɗuwa a cikinta. Wanda ya ga Gwamna Lugga a 1903 ba zai yi tsammanin jikansa zai ga an sauke tutarsu ba. Yaƙin duniya biyu suka cinye dukiyarsu, Indiya ta fita a 1947, a rikicin mashigin Suwez na 1956 Amurka ta matsa musu ta fuskar kuɗi suka janye daga Masar, Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960. Zamansu a Kano shekara 57 ne kacal. Bashin da suka ci daga Amurka a ƙarshen yaƙin duniya na biyu kuwa, ba su gama biyansa ba sai a Disamban 2006.

To, idan aka ɗora Amurka a kan wannan ma'auni, me za a gani? Ta fuskar bashi, abin da ake bin gwamnatinta ya haura dala tiriliyan 36 a ƙarshen 2024. Ta fuskar rarrabuwa, duniya ta ga yadda wasu daga cikin 'yan ƙasar suka far wa majalisar dokokinsu ranar 6 ga Janairun 2021 saboda rikicin zaɓe. Ta fuskar zalunci, ta mamaye Iraƙi a 2003 bisa zargin makaman ƙare dangi waɗanda ba a same su ba, rayuka masu ɗimbin yawa suka salwanta. Ta yi shekara ashirin a Afganistan, ta fita a Agustan 2021 ta bar mulki a hannun waɗanda ta je kora. Waɗannan alamomi ne na gaskiya, mai hankali ba zai musa su ba.

Amma adalci ya wajaba a kan Musulmi ko da game da wanda ba ya ƙauna, Suratul Ma'ida ta yi hani ga barin ƙiyayya ta hana adalci. A ɗaya gefen ma'aunin, tattalin arzikin Amurka ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukan duniya, abin da ta kashe wa sojojinta a 2023 ya haura dala biliyan 800, kuma akasarin cinikin ƙasa da ƙasa da dala ake yinsa, shi ya sa tashin dala yake taɓa farashin taki da man fetur har a kasuwannin ƙauye. A 1975, da ta fita daga Biyetnam da kunya, mutane da yawa sun yi mata ta'aziyya. Bayan shekara goma sha shida, a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, abokiyar gabarta Tarayyar Sobiyet ce ta wargaje.

A nan ne farkon Suratur Rum yake da darasi mai girma. Farisawa sun ci Rumawa da yaƙi, har suka ƙwace Baitul Muƙaddas a shekarar 614, mushirikan Makka suka yi ta murna suna cewa ta Rumawa ta ƙare. Sai surar ta sauka tana ba da labarin cewa Rumawa za su sake yin nasara cikin 'yan shekaru, kuma haka aka yi, Hiraƙlu ya karya Farisawa a Ninawa a 627. Daga baya Musulmi suka ci Rumawa a Yarmuk a 636, suka karɓi Sham da Masar, amma birnin Ƙusɗanɗiniyya bai faɗi ba sai a 1453, bayan fiye da shekara ɗari takwas. Wannan yana koyar da cewa shan kashi ɗaya ba shi ne ajali ba, kuma daula tana iya raguwa ta daɗe tana raguwa. Amsar da ta fi kusa da daidai ita ce, fifikon da Amurka ta samu ita kaɗai bayan 1991 ya ragu, musamman da tasowar ƙasar Sin, kuma cututtukan da Ibn Khaldun ya ambata sun bayyana a jikinta. Ko za ta warke ko za ta kwanta, wannan gaibu ne, wanda ya yanke masa rana ya faɗi abin da ba shi da ilminsa.

Saura magana ga masu murna. Hausawa suna cewa faɗuwar wani tashin wani, amma ba su ce wanda ya tashi ɗin kai ne ba. A ƙarshen ƙarni na goma sha tara babu abin da ƙauyukan arewacin Kano suke tsoro kamar harin Damagaram. Sarkinsu Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu. A 1899 Faransawa suka ci Zandar, aka kashe Ahmadu. Wanda ya yi murna a wannan rana, bayan shekara huɗu ya ga Nasara a ƙofar Kano, daga baya ya ga an ja iyaka tsakaninsa da danginsa na Magarya. Raunin babban maƙwabci ba ya ƙara wa mai rauni ƙarfi, gurbin da ya bari wani mai ƙarfin ne yake cikewa.

Suratur Ra'adi ta kafa ƙa'ida cewa canjin halin da mutane suke ciki yana rataye da canjin abin da ke cikin zukatansu. Wannan ƙa'ida ba ta san Bature ko Bahaushe ba, ba ta san birni ko ƙauye ba. Ma'aunin da ake auna Washinton da shi, da shi za a auna gari da unguwa da gida. Zalunci yana nan a wurin ɗan kasuwar da yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, alhali kuwa mutanen Annabi Shu'aibu da tauye mudu aka halaka su. Yana nan a wurin yayan da ya danne gonar gādon ƙannensa mata, da mai ɓoye hatsi har damina ta yi tsakiya domin ya tsauwala, da shugaban da aka damƙa masa taki domin talakawa ya karkatar da shi. Almubazzaranci yana nan a wurin magidancin da ya jinginar da gona domin bikin kwana uku. Rarrabuwa kuwa tana nan inda maƙwabta biyu masu alƙibla ɗaya suka daina gaisawa saboda ɗariƙa ko jam'iyya. Garin da waɗannan suka yi masa katutu yana kan hanyar da Alwali ya bi, ko da Amurka ta nutse a teku gobe.

Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya cikin ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma manufar wannan dubawa ita ce wa'aztuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saurayin da yake raba dare yana lissafin jiragen yaƙin manyan ƙasashe, ya fi masa alheri ya ba ilmi da sana'a rabin wannan lokaci, domin al'ummar da take sayen magani da taki da injin ban ruwa daga hannun wasu, kowa ya hau kujerar duniya a ƙarƙashinsa za ta zauna. Liman ya tsaya a kan gaskiya, mai unguwa ya daina karɓar gaisuwa a kan shari'ar gona, a raba gādo kafin magada su tsufa, a gyara mudu.

Allah Ya nuna wa al'ummar Musulmi gaskiya Ya ba ta ikon binta, Ya azurta ta da shugabanni adalai, Ya tsare ta daga zaluntar kanta, Ya jiɓinci lamarin raunana a duk inda suke. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.