Ruɓewar Ganye da Tsohuwar Muhawarar Sababi

Ganyen da ya faɗo a dajin Kwango, inda zafi da danshi ba sa yankewa, yakan narke cikin ƙasa kafin shekara ta zagayo, alhali siraran ganyayen itatuwan arewacin Kanada suna shafe shekaru a kwance ba su gama ruɓewa ba. Masana muhalli suna auna wannan bambanci ta hanyar zuba busasshen ganye a jakar raga, su ajiye ta a ƙasan daji, sannan su riƙa duba nauyin da ya ragu. A 1978 Vernon Meentemeyer na Amurka ya nuna cewa abu biyu ke hasashen saurin ruɓewa: zafi da ruwan da wuri ke samu, da kuma yawan lignin, wato sinadarin da ke ƙarfafa jikin itace, wanda ƙananan halittu ke shan wuya kafin su farfasa shi. Ya kuma lura cewa tasirin lignin ya fi bayyana inda zafi da danshi suka wadata, domin a wuri mai tsananin sanyi ganye mai laushi da mai tauri duk jinkiri suke yi.

Daga nan tambaya ke tasowa, kuma ta girmi wannan ilimi da ƙarnuka: shin ruɓewa ɗabi'a ce da ke cikin ganyen, ko kuwa wani abu ne ke aukar masa da ita daga waje? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga a Tahafutul Falasifa, yana mai cewa ido yana ganin ƙonewa ta auku a lokacin haɗuwarsu, amma bai taɓa ganin cewa wutar ce ta aikata ba, don haka mai aikatawa Allah ne, jerantuwar kuwa al'ada ce da Ya gudanar. Ibnu Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa duk wanda ya kore ɗabi'un abubuwa ya kore ilimi, tun da da ɗabi'arsa ake bambanta wani abu da waninsa.

Mai gaggawa zai ɗauka cewa jakar raga ta ba Ibnu Rushdi gaskiya, sai dai lamarin bai kai nan ba. Lignin ba ya ruɓar da komai, zafi ma haka. Masu cin ganyen rayayyu ne, wato funfuna da bakteriya da tana, da kuma gara a ƙasashen savana. Danshi ya fi kama da abin da malaman usulu ke kira sharaɗi, wanda rashinsa ke hana abu aukuwa amma samuwarsa ba ta tilasta shi, lignin kuma ya fi kama da mani'i, wato abin da ke kawo tsaiko. Itacen gawo ya isa shaida kan sharaɗin danshi: yana zubar da ganye mai yawan naitirojin a farkon damina, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa geron da ke gindinsa ke yin kyau, amma da a tsakiyar hunturu ganyen ya zuba, da iska da awaki sun riga ruɓewa isa gare shi.

Abin da awo ke kamawa shi ne maimaituwa, kuma babu ɗaya daga cikin Gazali da Ibnu Rushdi da ya musanta ta. Hujjar Ibnu Rushdi tana da nauyi ta fuskar cewa hasashen Meentemeyer ba zai yiwu ba sai an yarda lignin yana da hali tabbatacce. Amma Shehu Sanusi, wanda ake karanta Ummul Barahin ɗinsa a zaurukan ƙasar Hausa, ya gina hukuncin al'ada a kan maimaituwa tare da yiwuwar saɓawa, kuma wannan ma'ana tana ɗaukar duk sakamakon jakar raga ba tare da ta tsage ba. Saɓanin ɓangarorin biyu yana kan ko wannan hali wajibi ne ko mai yiwuwa, kuma ba a auna wajabci da sikeli.