Ko Ya Halatta A Hana Kyauta?

A ƙasar Amurka da sauran ƙasashen masu jin Turanci akwai wata kyauta da ake kira Hugo, wadda aka fara bayarwa a 1953. Ana ba da ita kowace shekara ga marubutan hikayoyin kimiyya da na al'ajabi, watau labarun tafiya taurari, da na aljanu da tsafi. Daga 1968 aka ware wa matsakaicin labari nasa rabon, wanda tsawonsa ya kama daga kalma 17,500 zuwa 40,000. Ba wani alƙali ke yanke hukunci ba. Masu karatu ne da suka biya kuɗin shiga babban taronsu na shekara ke tsai da labarai, sa'an nan su jefa ƙuri'a.

To, a 2015 sai wasu ƙungiyoyi biyu suka haɗa baki, suna cewa an daɗe ana danne irin labarun da suke so. Suka tsara sunaye, suka ce wa mabiyansu kowa ya rubuta waɗannan. Da yake sauran jama'a ra'ayinsu a warwatse yake, sai duk gurabe biyar na matsakaicin labari suka faɗa hannunsu, uku daga ciki ma na mutum ɗaya ne, John C. Wright. Ba su karya doka ko ɗaya ba. Da aka taru a birnin Spokane, masu ƙuri'a suka zaɓi kada a ba kowa. Haka aka yi a fannoni biyar.

Shin sun yi adalci? Wani zai ce a'a, gama marubucin da ya ɓata dare da rana bisa aikinsa bai kamata a kama shi da laifin waɗanda suka tsai da shi ba. Maganar tana da ƙarfi. Akwai ma waɗanda aka sa sunansu a wasu fannoni, da suka ga yadda abin yake suka janye da kansu.

Amma ni a ganina kyauta ba albashi ba ce. Albashi haƙƙi ne, duk akawun da ya riƙe na lebura ya ci amana. Kyauta kuwa shaida ce: jama'a ke cewa mun duba, wannan ya fi. In an ɓoye maka shanun kasuwa, aka kawo biyar daga garke ɗaya, aka ce rantse wanne ya fi duk na kasuwar, ai kana da ikon kame bakinka. Wanda aka hana bai rasa abin da ya mallaka ba.

Sai dai akwai sharaɗi, nan ne kuwa abin ya yi nauyi. Wanda ya karanta labarun biyar ya ga ba su kai ba, ƙuri'arsa tsarkakakkiya ce. Wanda ya ƙi su don fushi, ko buɗe su bai yi ba, ya ba da shaida kan abin da bai gani ba, daidai da waɗanda yake zargi. Akwatin ƙuri'a kuwa ba ya rarrabe tsakanin mutanen nan biyu.

A 2016 aka tabbatar da sabuwar hanyar ƙidaya don kada ƙungiya ɗaya ta sake cinye gurabe duka. A shekarar kuma kyautar ta tafi ga Nnedi Okorafor, wadda iyayenta mutanen Nijeriya ne, saboda labarinta mai suna Binti.