Talla Bakwai

Aikina rubuta talla ne. Gara in faɗa tun da fari, don kada mai karatu ya ɗauka daga kan katanga nake leƙen maganar. Shekara shida ke nan ina rubuta wa wani gidan rediyo ƴan gajerun maganganun nan da ake sakawa tsakanin labaru da filin gaisuwa: sabulu, dunƙulen miya, maganin sauro. Da dare kuma in zauna in rubuta waƙoƙin da ba mai biya na ko dala a kansu. Na daɗe ina ɓoye wa abokan dare aikin rana, kamar mai ɓoye miki.

Wani tsohon faifai da aboki ya ara mini ne ya tono maganar. Na wasu makaɗan Ingila ne da ake kira Radiohead, mutum biyar da suka haɗu suna ƴan makaranta a garin Abingdon a 1985. Irin kiɗan gitar nan suke yi wanda masu shi ke tinƙaho da cewa sun kauce wa abin da ake yayi. A 1998 suka tattara bidiyo bakwai na waƙoƙinsu, daga kundinsu biyu, The Bends na 1995 da OK Computer na 1997, suka fitar da su wuri ɗaya. Sunan da aka ba tarin shi ne 7 Television Commercials, wato tallace-tallacen talabijin guda bakwai.

Kuma gaskiya suka faɗa. A wancan zamani kamfanin faifai ne ke zuba kuɗi a yi bidiyo, a kai wa tashoshi irin su MTV su yi ta nunawa, don matashi ya gani ya nufi kanti. Kundin shi ne haja, bidiyon kiran mai saye ne kawai.

Da na fahimci sunan, sai da na ce madalla, ga mutanen da ba su jin kunyar kiran abu da sunansa. Kwana biyu ban cika ba wani tunani ya zo ya ɓata mini wannan. Ai tallan ma sayar da shi suka yi. Kamar yarinya mai tallan goro ce ta sayar maka da goro, sannan ta ce ka biya kuɗin kiran da ta yi. Ban da haka, na san sana'ata: babu tallan da ya fi shiga rai kamar wanda ya fara da amsa laifinsa. Ni da hannuna na taɓa buɗe tallan wani maganin ƙarin jini da cewa mu ba za mu yi muku ƙarya ba, alhali na san ruwan sukari ne da launi. Ya yi kasuwa sosai. Wata tsohuwa a unguwarmu ta saya wa jikanta har kwalba uku, tana gaya mini a rediyo ta ji. Ban ce mata komai ba.

To in haka ne, faɗin cewa talla nake yi yana wanke mutum? Ni dai na ce a'a. Ikirari ba ya cin ko sisi, kuma sau da yawa riba yake jawowa. Sai na bar sunan, na koma kallon abin da ke cikin faifan.

Akwai bidiyon waƙar Just, wanda Jamie Thraves ya shirya. Wani mutum cikin kwat ya kwanta a tsakiyar hanyar masu tafiya a ƙasa. Wani ya yi tuntuɓe da shi, jama'a suka taru, har da ɗan sanda, kowa na tambayarsa me ya kwantar da shi. Ba a jin muryarsu, rubutu ne ke bayyana a ƙasan hoton. Ya yi ta roƙonsu su ƙyale shi, suka nace. Da ya buɗe baki zai faɗa, sai rubutun ya ɗauke. Abin da aka nuna bayan nan shi ne dukkan taron kwance a ƙasa kamar shi. Mu masu talla dokarmu ɗaya ce: ka tayar da ƙaiƙayi, ka nuna inda ake sayar da maganin susa. Wannan ya tayar da ƙaiƙayin, amma ko ka sayi kundin ba za ka sami amsar a ciki ba. Na san wani zai ce ai wannan ma dabara ce ta sa mutum ya sake kallo. Na yarda. Sai dai bai yi wa kowa alkawarin da ba zai cika ba.

Na No Surprises ya fi tsaya mini a rai. Grant Gee ne ya ɗauka, fuskar mawaƙin kawai ake gani, Thom Yorke, kansa cikin wata hular gilashi. Yana waƙa ruwa na hauhawa, ya kai haɓa, ya kai baki, ya rufe fuskar gaba ɗaya kusan minti guda, kafin ya zube mutumin ya ja numfashi. An yi dabarar ɗauka da sauri sannan a rage gudun hoton, amma ruwan na gaske ne, kuma fim ɗin Meeting People Is Easy ya nuna yadda ya yi ta gwadawa yana kasawa, ransa na ɓaci. Kamfani bai buƙaci wannan wahala ba don ya sayar da faifai. Kyakkyawar fuska da fitilu masu launi sun isa.

Kakata hatsi take sayarwa, kuma ban taɓa jin ta aibata ciniki ba. Wanda take zagi shi ne mai lotsa gindin mudu. Da wannan ma'aunin na auna bidiyon nan bakwai, na ga mudu ne cike har da gyara. Na auna tallan maganin nan nawa, na ga ba wai don an biya ni ne ya zama abin kunya ba.

Su kansu makaɗan ba su tsira daga kasuwa ba. A 2000 suka fitar da Kid A, suka ƙi yi masa irin wancan bidiyon, sai ƴan guntayen hotuna na daƙiƙoƙi. Ƙin ya zama abin da jaridu ke ta magana a kai, kundin ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka. Har juya wa talla baya sai da ya zama talla.

Yanzu haka akwai takarda a gabana, tallan wani shayin ganye da za a karanta gobe bayan labarun safe. Mai kayan ya rubuto cewa yana maganin ciwon suga. Na soke layin, na bar cewa yana da ƙamshi kuma ba shi da tsada, don waɗannan biyun na ɗanɗana na tabbatar. Mai yiwuwa shugaban sashe ya mayar da layin kafin a shiga ɗakin watsa shiri, mai yiwuwa kuma ya kira ni ya tambaye ni ko na gaji da aikin ne. Kuɗin hayan ɗakina na ƙarshen wata a cikin wannan takardar yake.