Amanar Daji a Hannun Mai Bi

Ya ɗan'uwa mai bin Yesu, da kai mai neman sanin hanya, ka kasa kunne. Littafin Farawa, sura 2, ya koya mana Allah ya sa Adamu cikin gona domin aiki da tsaro. Ashe ƙasa da abin da ke cikinta amana ce a hannunmu, Mai ita kuwa zai tambaye mu.

Ka dubi gawo. Da damina yakan zubar da ganye, gero ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su sami inuwa da abinci. Ɗorawa tana ba mu kalwa ta daddawa, kaɗanya man kaɗe, kuka ganyen miya. Yawancinsu ba wanda ya shuka, alherin Ubangiji ne.

Amma me muke yi da wannan alheri? Kaka ta wuce, sai mutum ya cinna wa daji wuta domin gafiya guda. Wutar ta cinye ciyawar shanu, ta ƙone ƙananan itatuwa, ta kori zomo da gada, wani lokaci har ta kai ga rumbun maƙwabci. Wannan zunubi ne, gama ɓarnar kayan Allah ce da cutar ɗan'uwa. A Kubawar Shari'a, sura 20, an hana sare itacen marmari ko a lokacin yaƙi. A sura 22 kuma an hana kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta.

Kada ka ce daji ba ya ƙarewa. A shekarar 1996 raƙumin dawa na Afirka ta Yamma bai wuce 50 ba, duka a ƙasar Nijar. Da aka tsare su sai suka ƙaru. Haka kuma manoman Maradi, tun wajen 1984, suka koyi barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe, har itatuwa suka komo inda dā iska take kwashe ƙasa.

Domin wannan, ɗan'uwa, kada hannunka ya sa wa daji wuta. In za ka yi sharar gona, ka bar tohon gawo ya girma. Kada ka harbi dabba mai ciki ko mai shayarwa. In abokan farauta sun yi maka ba'a, ka amsa musu da haƙuri, ka faɗa musu ko dajin wane ne. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, cikin sunan Yesu Kristi. Amin.