Tubali Ko Littafi?

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a tsakanin 'yan makaranta, watau wanne ya fi, yaron da ya fita da sana'a a hannu, ko kuwa wanda ya fita da karatu a ka. Ana yinta a Katsina tun zamanin kakanninku. Abin da watakila ba ku sani ba, a Amurka aka fi kai ruwa rana a kanta, daga can kuma iskarta ta kaɗo har ta taɓa makarantunmu. Bari mu kai ku can tukuna, sa'an nan mu komo gida.

Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare cikin 1865, sai ƙasar ta shiga zamanin ƙarfe da hayaƙi. Cikin 1869 hanyar jirgin ƙasa ta ratsa daga gabas har bakin tekun yamma. Rockefeller ya kafa kamfaninsa na mai cikin 1870, Carnegie kuwa, ɗan wani masaƙi daga Sikotilan, ya zama sarkin ƙarfe. Ko da wane zamani masu dukiya ba su rasa malamai. Nasu su ne Herbert Spencer na Ingila da William Sumner na jami'ar Yale, waɗanda suka koyar cewa duniya filin kokawa ce, wanda ya kā da wani cancantarsa ce ta kā da shi, kada gwamnati ta shiga rabo. Cikin wannan fili aka saki bayi baƙar fata wajen miliyan 4, ba gona, ba jari, yawancinsu ko baƙi ba su sani ba, aka ce su ma su yi kokawa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Booker T. Washington, wanda aka haifa bawa a Birjiniya cikin 1856. Da ya isa makarantar Hamton cikin 1872, duk ƙura, ba kuɗi, jarrabawar da aka yi masa ita ce ya share ɗaki. Ya share sau uku, ya goge sau huɗu, aka ɗauke shi. Cikin 1881 ya buɗe tasa makarantar a Taskigi ta ƙasar Alabama, inda almajirai da hannunsu suka gina ɗakunan karatunsu. Sau uku suna gasa tubali yana lalacewa, har ya ba da agogonsa jingina aka yi na huɗu, ya yi kyau. Kai, mutumin nan ba rago ba ne, kowa ya raina shi bai san wahala ba.

Cikin 1895 aka kira shi ya yi jawabi a birnin Atlanta gaban taron farar fata. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, baƙar fata su jingine neman ƙuri'a da neman daidaita tukuna, su kama noma da gini da ƙira, gama wanda ya ke da abin da kasuwa ke nema ba a wulakanta shi. Aka yi ta tafi. Attajirai suka buɗe masa jaka, Carnegie kaɗai ya ba Taskigi dala 600,000 cikin 1903.

To, amma gaskiya ne kasuwa ta kan tsare mutuncin mai kaya? Shekara uku kafin jawabin nan, cikin 1892, a birnin Memfis, waɗansu baƙar fata uku suna da kantin kayan abinci wanda ya janye ciniki daga na wani farar fata da ke kusa. Rigima ta tashi, aka kulle su, da dare taro ya fitar da su daga kurkuku ya harbe. Ba ragwanci ya kashe su ba, cinikinsu ne ya yi kyau. Shekara guda bayan jawabin kuma, cikin 1896, babbar kotun ƙasar ta halatta a ware wa baƙar fata nasu taragon a jirgin ƙasa. Saboda irin wannan ne W. E. B. Du Bois, wanda ya sami digirin dakta a Harvard cikin 1895, ya mai da martani cikin littafinsa na 1903. Ya ce mai gona da ba shi da ƙuri'a ba shi da abin kare gonarsa, kuma lalle a bar yara masu kaifin ƙwaƙwalwa su yi karatu har iyakar ƙoƙarinsu. Ya kuma tuna wa Washington cewa malaman Taskigi kansu a manyan makarantu aka koyar da su. Abin mamaki, da aka bincika takardun Washington bayan rasuwarsa cikin 1915, sai aka tarar ashe a ɓoye yana biyan lauyoyi su yaƙi dokokin wariyar nan da ya yi shiru a kansu a bainar jama'a.

Yanzu mu komo gida. Cikin 1920 wata ƙungiyar Amurka mai suna Phelps-Stokes ta aiko jama'arta su duba makarantun Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Shugabansu Thomas Jesse Jones tsohon malamin Hamton ne, tare da shi akwai Dakta Aggrey mutumin Gwalkwas. Shawararsu ita ce a daidaita ilmin baƙin mutum da zaman ƙauyensa, watau noma da sana'a da tsabta. Da suka sake fita cikin 1924, zuwa Afirka ta Gabas, cikinsu har da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, da sashenta na koyon sana'a. Gwamnatocin mulkin mallaka suka yi na'am da shawarar nan da sauri. Ba abin mamaki ba ne, kafinta bai cika rubuta wa Gwamna takardar ƙara ba.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe cikin 1922, ba Taskigi ba ce, ko da ya ke ita ma da tubali aka gina ta. An tsamo yara kaɗan, da yawansu daga gidajen sarauta, aka koya musu Ingilishi mai kyau ƙwarai. Amma an yi musu rufi. Malaman makaranta aka nufa su zama, ba a share musu hanyar jami'a ba. Likita na fari daga Arewa, Dakta R. A. B. Dikko, ta makarantar mishan ta Wusasa ya bi, sa'an nan Ikko, sa'an nan Birmingham. Sai dai karatu kamar ruwa ne, ba ya tsayawa inda aka haƙa masa. Daga ɗakunan nan Abubakar Imam ya fito, da Kashim Ibrahim, da Ahmadu Bello. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, wanda ba ɗan sarki ba ne, aka koyar da shi don ya riƙe alli, cikin 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin 1957 ya zama Firayim Minista.

Ina muka tsaya? Wajen darajar aikin hannu muna tare da Washington ɗari bisa ɗari. Mun ga yara da yawa, da zarar sun iya riƙe alƙalami, sai su ji kunyar maƙerar ubansu, su gwammace zaman jiran aikin akawu da su shafa baƙi a hannu. Wannan jahilci ne, ko da an yi shi da Ingilishi. Ku da ke Katsina ma ba ku da uzuri. Babban malamin garinku na ƙarni na 17, wanda har yau ana kiran maƙabarta da sunansa, Ɗan Marina a ke ce masa, cikin Larabci ma sunansa ɗan mai rini. Baba bai hana tawada kamawa ba.

Amma inda muka rabu da shi, ba mu yarda wani ya zauna ya yanka wa 'ya'yan wata al'umma iyakar abin da ya dace su sani ba, balle in shi ne zai ci amfanin iyakar. Yaron da ya zaɓi ƙira bayan an buɗe masa ƙofa biyu dabam ya ke da wanda aka tura maƙera don an rufe masa ɗaya, ko da fartanyarsu ta fito iri guda. Saboda haka in wani babba ya ce muku karatu kaza ya ishe ku, kada ku yi masa rashin kunya, ku dai bincika inda ya kai nasa 'ya'yan. Mun bincika na Washington. 'Yarsa Portia ba a gindin tanderun tubali ta ƙare ba. Makarantun Masacuset ya kai ta, daga nan ya tura ta Balin ta ƙasar Jamus ta koyi kiɗan piyano.