Mu Faɗa wa Baba, Ko Mu Ɓoye Masa?

Karatu: Ishaya 38:1-6, 21

'Yan'uwa cikin Kristi, mu ɗauka wani dattijo ne daga Kutemeshi, ƙasar Birnin Gwari. Ya daɗe yana ganin jini a fitsari, kwiɓinsa na ciwo, yana ramewa. 'Ya'yansa suka ratsa hanyar dajin nan mai haɗari, suka kai shi asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya. Aka ɗauki hoton cikinsa da ƙirjinsa, aka ɗebi ɗan tsoka aka gwada. Likita ya ce kansar ƙoda ce, ta kai huhu da ƙashi, wato mataki na 4. Cutar takan yi shiru har ta yi nisa. A wannan mataki magani yakan rage mata gudu, ya sauƙaƙa zafi, amma ba safai yake kawar da ita ba.

Sai babban ɗan ya ce, "Kada Baba ya ji. Mun ƙi wannan sakamako cikin sunan Yesu." Ƙauna ce ta sa shi faɗin haka. Amma bangaskiya ce?

Sa'ad da Sarki Hezekiya ya kwanta ciwon ajali, Ubangiji bai ɓoye masa ba. Ya aiko annabi Ishaya ya gaya masa ya kintsa gidansa. Da ya ji gaskiya ne ya juya fuskarsa ga bango, ya yi kuka, ya yi addu'a. Allah ya ƙara masa shekara 15, aka kuma shafa masa ɓaure a marurun. Gaskiya, addu'a da magani suka tafi tare.

Ba kowa ne za a ƙara wa shekara 15 ba. Shi ya sa ɓoyewa take da tsada. Baba ne ya kamata ya yanke ko a sayar da gona saboda magani. Yana da wanda zai gafarta wa, da jikokin da zai sa wa albarka, da addu'ar da ba mai yi masa sai shi da bakinsa. In mun rufe shi, mun ƙwace masa waɗannan.

Mu tambaye shi iyakar abin da yake so ya sani, mu faɗa masa a hankali, likita da fasto suna kusa. Sa'an nan mu ɗibiya masa hannu, mu roƙi warkarwa da gaba gaɗi.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu bakin faɗin gaskiya cikin ƙauna. Ka taɓa marasa lafiyarmu, cikin sunan Yesu. Amin.